Zan iya ƙera ƙaramin kwalekwalen katako a gida?

Tambaya: Ina da ɗan sani a aikin kafinta, kuma ina so in ƙera ƙaramin kwalekwale da zai ɗauki mutum biyu a ruwa mai kwanciya. Shin filawud ɗin da ake yin kabad da shi zai yi, idan na buga shi da ƙusa na shafa masa fenti mai kauri?

Amsa: Malam, aikin zai yiwu a gida, kuma wanda ya iya awo da zarto ya riga ya yi rabin tafiya. Sai dai kayan da ka ambata ba za su kai ka ko'ina ba, domin abin da ke kashe kwalekwale shi ne ruwan da ke kutsawa ta bakin katako da ta mahaɗa, fenti kuwa ba ya iya tsare waɗannan wurare na dogon lokaci.

Filawud na kabad an manna shi da gam ɗin da ba ya jure lema, kuma a tsakiyarsa akwai ramuka da ido ba ya gani. Da zarar ruwa ya shiga, sai sassan su kumbura su rabu. Wanda ya dace shi ne filawud na jiragen ruwa, mai hatimin ma'aunin BS 1088, wanda gam ɗinsa ke jure ko da tafasasshen ruwa. Tun da hatimi yakan yi ƙarya, ina ba da shawarar ka yanki ɗan guntu ka tafasa shi na awa ɗaya ko biyu. Idan ya ɓare, kada ka saya. Kaurin milimita 6 ya wadatar ga gefuna, milimita 9 kuma ga ƙasan kwalekwalen.

Kafin ka taɓa zarto, ka lissafa nauyin da zai ɗauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi yana ɗaukar nauyi daidai da ruwan da ya ture. Kwalekwale mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, tsawon mita 3 da faɗin mita 1, idan ya nutsa santimita 10 ya ture lita 300, wato kilo 300 ke nan, har da nauyin jikinsa. Da yake goshi da baya suna tsukewa, ainihin adadin zai gaza haka, saboda haka a bar gefuna da tsayi sosai sama da ruwa. Ya fi kyau mai farawa ya nemi zanen da aka riga aka gwada maimakon ya ƙirƙiro nasa, sannan ya fara haɗa ƙaramin samfuri da kwali don ya ga yadda sassan za su lanƙwasa.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta ɗinki da gam, wadda ƙaramin jirgin nan mai suna Mirror ya yaɗa a Ingila tun farkon shekarun 1960. Ana yanke sassan, a huda ƙananan ramuka a bakinsu, a ɗaure su da wayar jan ƙarfe har siffar jirgin ta fito. Daga nan sai a kwaɓa gam ɗin ifoksi da garin katako mai laushi, a cike kowace kusurwa ta ciki, a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi a kai, a jiƙa shi da ifoksin. Idan ya daskare sai a zare wayoyin, a maimaita aikin ta waje. Mahaɗar da aka yi haka takan fi katakon kansa ƙarfi, kuma babu ƙusar da za ta yi tsatsa ta buɗe wa ruwa hanya. Tun da tsawon filawud mita 2.44 ne, dole ka haɗa biyu: a fere bakin kowanne a karkace, tsawon ferewar ya ninka kaurin sau takwas, wato milimita 48 ga filawud mai milimita 6, sannan a ɗora ferarrun bakunan a kan juna a manna su da ifoksi.

A nan ne nake so ka fi natsuwa, domin ifoksi ba ya yafe ganganci. Ruwa biyu ne ake haɗawa, wato gam ɗin da mai daskarar da shi, wani nau'in kashi biyu da ɗaya, wani biyar da ɗaya, kuma ƙara mai daskararwar ba ya hanzarta shi, sai dai ya bar shi da danƙo. Ka riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, saboda mai yawa a kofi yana ɗaukar zafi ya daskare kafin ka gama. Katakon ya zama busasshe, ka sa safar hannu, wurin kuma ya zama mai iska, domin yawan taɓa fata yana jawo ƙaiƙayin da ke dawowa duk lokacin da aka kusance shi. Hasken rana yana lalata ifoksi, don haka a nan fentinka zai yi amfani, bayan an wanke jikin da ruwa an goge da sanfefa.

Ka rufe ƙarƙashin kujerun gaba da baya ruf, su zama akwatunan iska, ta yadda ko ruwa ya cika shi ba zai nutse ba. Ka kuma auna ƙofar wurin aikin tun farko, don kwalekwalen ya iya fita. Ranar gwaji a fara a ruwan da bai wuce ƙugu ba, da rigar ceto a jiki da wani mutum a bakin ruwa, a bar shi ya ɗan jima da nauyi a ciki, sannan a bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya da hannu ana neman danshi.