Zan je karatun musaya Japan, yaya zan yi da zama cikinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Jami'armu ta zaɓe ni zan je Japan karatun musaya na shekara ɗaya. Ana ta gaya min wai mutanen can ba sa sakin jiki da baƙo, ga kuma maganar abinci da salla. Don Allah me zan shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka a tafiyar. Bari mu fara da takardu tunda su ne ba sa jira. Kana sauka a filin jirgin saman Narita ko Haneda ko Kansai za su ba ka katin zama, to cikin kwana 14 da samun masauki dole ka je ofishin ƙaramar hukumar unguwarku ka yi rajistar adireshi, a nan ne kuma za ka shiga inshorar lafiya ta ƙasa wadda in ka je asibiti kashi 30 cikin 100 kawai za ka biya. In kana son ɗan aikin wucin gadi ka nemi izini tun a filin jirgi, awa 28 a sati aka yarje wa ɗalibi, kada ka wuce ko da awa ɗaya ce, ba sa wasa da wannan.

Maganar rashin sakin jiki kuwa akwai gaskiya a ciki amma ba ƙiyayya ba ce. Kai da ka saba gaisuwa ta yi tsawo, ya gida ya iyali ya gajiya, can maƙwabcinka zai ɗan sunkuyar da kai ne kawai ya wuce, kuma haka yake yi wa ɗan ƙasarsa ma. Su abin da suka fi gudu shi ne su takura wa wani, shi ya sa za ka shiga jirgin ƙasa cike maƙil amma tsit kamar ana huɗuba, ba mai amsa waya. To a irin waɗannan ƙananan abubuwan ake auna ka. Ka cire takalmi a ƙofa, ka ware shara yadda aka rubuta, mai ƙonewa daban, kwalabe da gwangwani daban, kowanne da ranarsa, in an ce ƙarfe tara ka iso kafin taran. Sannan ba kasafai suke cewa a'a ƙarara ba, in ka gayyaci mutum ya yi ɗan jim ya ce abin da ɗan wuya, to ya ƙi ke nan, ka bar shi haka.

Abokai kuma a aji da wuya ka same su, ni dai shawarata ka shiga ƙungiyar ɗalibai tun satin farko, ƙwallo ce ko judo ko ma na shayi, a can ne suke sakewa, kuma na gaba da kai a ƙungiyar su ne za su riƙa nuna maka hanya. Za su gayyace ka zaman cin abinci da ake shan giya, tun da wuri ka faɗa musu kai ba ka sha, galibi shayi za su kawo maka magana ta ƙare.

Abinci sai ka sa ido sosai, don alade ba a nama kawai yake ɓuya ba, romon taliyarsu da ake kira ramen da yawa da ƙashinsa ake dafawa, ga mirin da sake, giyar shinkafa ce da suke zubawa a miya. Ka haddace yadda ake rubuta alade da rubutunsu don duba bayan leda. Shagunan Gyomu Super suna sayar da kaza halal, a Tokyo kuma unguwar Shin-Okubo akwai shagunan Musulmi. Ka tafi da yajinka da kuka da kuɓewa busasshiya, amma ban da kilishi, a filin jirgi za a ƙwace shi.

Masallatai akwai, Tokyo Camii yana unguwar Yoyogi-Uehara a Tokyo, na birnin Kobe kuwa tun 1935 yake tsaye. Juma'a ranar karatu ce a can, don haka ka zauna da malaminka tun farkon zango ku daidaita lokaci. In Oktoba za ka fara, ka tanadi kuɗin rigar sanyi mai kauri ka saya idan ka isa, irin ta hunturun Kano ba za ta riƙe ka a Janairu ba.