Malama, ki fara gwada manhajar kafin ki kai ta aji

Malama, kin tambaya yadda za ki gane manhajar waya mai amfani kafin ki sa wa 'yan aji huɗu na firamare. Ni ma ina koyarwa a nan cikin birni, ga yadda nake yi.

Ki kashe data tukuna, sannan ki buɗe ta. In ta tsaya cak, ajiye ta, don kuɗin data daga aljihunki zai fita. Manhajar karatu ta Kolibri, misali, an gina ta ne don ta yi aiki ba intanet. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ki duba ta.

Kada ki gwada a babbar wayarki. Ki ari ƙaramar Itel ko Tecno irin wadda ake saye a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ita ce a hannun yawancin iyayen yaranmu.

Gwajin da na fi yarda da shi kuwa, ki ba yara biyar, har da wanda karatu ke ba wahala, ki koma gefe ki yi shiru. In yaro ya danna amsar da ba daidai ba, tana yi masa bayani ne, ko ƙara kawai take yi ta wuce? Wallahi da yawan manhajojin nan wasa ne zalla, yaro ya tara taurari bai riƙe komai ba. Washegari ki yi musu tambayoyin a allo, ba waya, ki ga abin da ya zauna.

In talla na faɗowa tsakiyar darasi, ko tana neman hoton yaro da lambar gida, ki goge ta.