Tambaya da Amsa: Masauki a Gindin Kufena

TAMBAYA: Baba, mahaifina yana da fili a gefen Wusasa, daga nan ana hango Dutsen Kufena. Ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido suna zuwa hawa, da la'asar su watse don babu wurin kwana a kusa. Ina so in gina ɗaki shida na saukar baƙi, amma ya ce muddin yana numfashi ba za a yi otal a filinsa ba. Yaya zan yi? Daga mai karatu, Wusasa.

AMSA: Ɗana, kalmar otal ce ta ɓata maka magana. A kunnen dattijon Zazzau, otal giya ce da kiɗan dare. Saukar baƙi kuwa sana'ar kakanninmu ce, shi ya sa garuruwa irin su Zangon Aya da Zangon Kataf suke ɗauke da sunan zango har yau.

Kakana fatoma ne, wato mai saukar fatake a gidansa. Ina yaro, ni ke ɗaukar akushin tuwo in kai wa fataken goro a zaure, in cika musu buta, in shimfiɗa tabarma. Ba ya karɓar kuɗin kwana, la'ada yake ci idan an sayar da kaya. Amma duba wa ke samu: mai fura ta maƙwabta, mai wanki, mai yankan farce, har yaran da ke ɗaukar huhun goro. Ranar da wani baƙo ya yi ɓatan kuɗi, unguwar ce ta tashi nema, domin sunanta ne zai ɓaci.

Masauki a kan duwatsu ma ba sabon abu ba ne. A tsakanin Suwizalan da Italiya akwai masaukin San Bana, a tsayin mita 2,469, wanda malaman coci suka kafa wajen shekarar 1050 don matafiyan da ƙanƙara ke rutsawa da su, kuma har gobe ana sauka. A Jafan, masaukin Keiunkan yana karɓar baƙi tun 705, zuri'a ɗaya ta riƙe shi fiye da shekara 1,300. Nan gida akwai Hill Station na Jos, na zamanin haƙar kuza, da Obudu a jihar Kuros Riba, wanda ya fara a matsayin garken shanu a 1951.

Na taɓa kwana biyu a wani gidan saukar baƙi a kan tudu, ba zan faɗi suna ba. Katanga doguwa, ƙwai da burodi har da ruwan sha daga birni ake kawowa, alhali ga kaji suna yawo a ƙauyen da ke ƙasa. Daren farko injin ruwa ya mutu. Da safe manaja ya sauka neman masu ga-ruwa, sai wani tsoho da ke zaune a kan turmi ya ce masa, “Yau kuka san da mu?” Da ruwan roba na yi alwala har na bar wurin.

To ka koma wurin mahaifinka, kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki baffanka ko limamin unguwa. Ka faɗa masa ƙa'idojinka tun kafin ya tambaya: ba giya, a rubuta sunan kowane baƙo, a rufe ƙofa da ƙarfe goma. Abinci daga gidajen unguwa za a riƙa kawowa, masu raka baƙi hawan dutse kuma samarinku ne, su suka san hanya. In ka haƙa rijiyar burtsatse, ka fitar da famfo ɗaya bayan katanga. Mai unguwa ya ji daga bakinka kafin a sauke bulo ko ɗaya, sannan ka nemi takardun hukuma.

Ɗaki shida ma ya yi yawa a farko, fara da uku. Ka gina zaure a gaba, ka ce wa mahaifinka wurin zamansa ne, duk mai shiga sai ya gaishe shi.