Shin Ya Dace Ƙaramin Kamfanin Babura Ya Shiga Kasuwar Manyan Baburan Gudu?

Tambaya: Ina bibiyar tseren babura, kuma na lura cewa Triumph na Ingila ba shi da babur mai cc 1000 da zai kara da Honda Fireblade ko Kawasaki ZX-10R. Ashe bai kamata kamfani irinsa, wanda bai kai na Japan girma ba, ya shiga wannan kasuwa domin ɗaga sunansa ba?

Amsa: Malam, a ganina bai kamata ba, sai fa idan akwai wani babban kamfani a bayansa wanda zai iya jure asarar shekaru ba tare da ya girgiza ba.

Babur na wannan aji a yau yana fitar da ƙarfin doki 200 ko sama da haka, kuma irin wannan ƙarfi ba ya sarrafuwa da hannu kawai. Sai an haɗa masa na'urar da ke auna yadda ya kwanta a kan kwana, ta rage wuta da zarar tayar baya ta fara zamewa, ta kuma hana tayar gaba ɗagawa sama idan aka murɗa maƙura. Ƙera wannan duka da gwada shi a filin tsere yana cin kuɗi masu yawa, alhali masu sayen kaɗan ne, don haka kowane babur ɗaya yana ɗauke da kaso mai nauyi na kuɗin binciken. Ga kuma dokokin hayaƙi na Turai da ke ƙara tsanani, har ta kai Yamaha, duk da girmansa, ya daina sayar da babur ɗinsa na wannan aji, wato R1, na hawa titi a Turai daga 2025, ya bar na filin tsere kaɗai. Inda raƙumi ya durƙusa da kaya, ai ba a ɗora wa jaki.

Waɗanda suka gwada sun bar darasi. Kamfanin Erik Buell Racing na Amurka ya fito da 1190RX, kuma Hero na Indiya ya sayi kusan rabin hannun jarinsa a 2013, amma a watan Afrilun 2015 kamfanin ya durƙushe. KTM na Ostiriya ya fitar da RC8 a 2008, ya janye shi bayan shekaru kamar bakwai. Abin lura, lokacin da bashi ya yi wa KTM katutu a ƙarshen 2024, ko da yake ba RC8 ne sanadi ba, wanda ya cece shi shi ne Bajaj, mai ƙera Boxer ɗin nan da 'yan acaɓa ke hawa. Kuɗin wannan sana'a a ƙananan babura yake.

Za ka iya kawo mini Aprilia, wanda RSV4 ɗinsa ya ci gasar duniya ta manyan babura a hannun mahayi Max Biaggi a 2010 da 2012. Gaskiya ne, sai dai Aprilia yana hannun babban kamfanin babura na Piaggio tun 2004, kamar yadda kamfanin babura na Ducati yake ƙarƙashin kamfanin motoci na Audi tun 2012.

Triumph kuwa ya bar Daytona 955i a 2006, ya mai da hankali kan matsakaitan injuna masu silinda uku, inda ba shi da abokan karawa da yawa. Sunan da kake so ya samu a tsere ma bai rasa shi ba, domin tun 2019 injinsa mai cc 765 ne ke cikin kowane babur a gasar Moto2, wato aji na tsakiya a gasar tseren babura ta duniya, ba tare da ya ɗauki nauyin kafa tawaga ba. A 2023 kuma ya haɗa kai da Bajaj suka fitar da Speed 400, wanda ake ƙerawa a Indiya.