Tambaya da Amsa: Shin Maganin Homon Yana Dawo da Sha'awa Bayan Ɗaukewar Jinin Al'ada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 54, kuma jinin al'ada ya ɗauke mini shekara huɗu da suka wuce. Tun daga lokacin sha'awar kwanciyar aure take ta raguwa, har ta kai yanzu ba na marmarinta ko kaɗan, kuma duk lokacin da muka sadu da maigidana nakan ji bushewa da raɗaɗi. Muna zaune lafiya, amma abin yana damuna ƙwarai. Wata ƙawata ta ce in je a auna mini sinadarin testosteron a jini, wai idan ya yi ƙasa za a yi mini allurarsa sha'awa ta dawo. Ina shan maganin hawan jini. Shin maganarta gaskiya ce? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Na ji daɗin wannan tambaya, domin mata da yawa suna cikin irin halin da kike ciki, kunya ce kawai ta hana su furtawa. Maganar ƙawarki tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta faro abin daga ƙarshe, kuma allurar da ta ambata ita ce hanyar da masana suka yi hani da ita.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne raɗaɗin da kika ambata. Idan al'ada ta ɗauke, wanda ga yawancin mata yakan faru tsakanin shekara 45 zuwa 55, ma'ajiyar ƙwai takan daina samar da mafi yawan sinadarin istirojin. Wannan sinadari shi ne ke sa fatar cikin farji ta kasance da kauri da laushi da danshi, don haka idan ya yi ƙaranci fatar takan sirance ta bushe, har ta riƙa tsagewa a lokacin saduwa. Jikin da ya saba shan wuya a wajen wani abu ba zai yi ɗokin abin ba, kuma babu adadin testosteron da zai sa mace marmarin abin da ke yi mata ciwo. Wannan bushewar ta sha bamban da zafin jiki da gumin dare, waɗanda sukan lafa da kansu bayan wasu shekaru, domin ita ƙaruwa take yi idan ba a kula da ita ba. Maganinta kuwa sananne ne. Akwai man santsi da ake amfani da shi lokacin saduwa, da man danshi da ake sawa a kai a kai, sannan akwai istirojin mai ƙaramin ƙarfi da ake sawa a cikin farji, ko na shafawa ko ƙwaya ko zobe. Abin da ke shiga jini daga irin wannan kaɗan ne ƙwarai, ana fara jin sauƙi cikin 'yan makonni, kuma akan ci gaba da shi ne domin bushewar takan dawo idan aka daina. Wadda ta taɓa yin sankarar mama sai ta fara tuntuɓar likitan da ke duba ta, haka kuma duk wani jini da mace ta gani bayan ɗaukewar al'ada dole ne a bincika shi kafin a fara kowane magani.

Ba ki faɗa mini ko kina fama da zafin jiki da gumin dare da rashin barci ba. Idan kina yi, to istirojin da ke shiga jiki gaba ɗaya, wato na haɗiya ko na mannawa a fata, yana iya taimaka miki, kuma macen da ta samu barci ta huta sau da yawa sha'awarta takan ɗan farfaɗo. Tun bayan wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, wanda ya nuna wasu haɗurransa, mata suka tsorata da wannan magani, amma abin da masana suka tsaya a kai yanzu shi ne, ga lafiyayyar mace da ba ta kai shekara 60 ba, ko wadda ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa yakan rinjayi haɗarinsa idan alamomin suna wahalar da ita. Wadda mahaifarta take nan dole a haɗa mata da sinadarin furojestiron domin kare bangon mahaifa daga sankara. Hawan jinin da aka shawo kansa ba ya hana wannan magani, sai dai an fi son na fata a kan na haɗiya, saboda na fata bai kai na haɗiya janyo daskarewar jini a jijiya ba. Akwai kuma wani dalili da ya shafi tambayarki kai tsaye: istirojin na haɗiya yana sa hanta ta ƙara samar da wani furotin da ke ɗaure testosteron a cikin jini, sai wanda jiki zai iya amfani da shi ya ragu.

Yanzu ga batun testosteron. Mutane sun ɗauka sinadarin maza ne kawai, alhali jikin mace ma yana samar da shi daga ma'ajiyar ƙwai da kuma wata halitta da ke saman ƙoda. Ba ya faɗuwa farat ɗaya idan al'ada ta ɗauke kamar yadda istirojin yake yi. A hankali yake raguwa tun mace tana cikin shekarunta na ashirin. Awon jini kuwa ba ya nuna wadda take da matsalar sha'awa, domin akwai matan da nasu ya yi ƙasa sosai amma sha'awarsu lafiya lau, akwai kuma waɗanda nasu yake daidai amma ba sa jin komai. Ana gane matsalar ne ta hanyar tattaunawa da likita, kuma sharaɗinta shi ne rashin sha'awar ya daɗe, ya kuma zama yana damun ita kanta macen. Wadda sha'awarta ta ragu amma hankalinta kwance yake, ba mara lafiya ba ce, kuma ba daidai ba ne a ɗora ta a kan magani don wani ya matsa mata.

A 2019 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Susan Davis ta Jami'ar Monash da ke Ostareliya suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 36 da aka yi a kan mata 8,480, kuma a wannan shekarar manyan ƙungiyoyin likitoci na duniya suka fitar da matsaya ɗaya a kan batun. Matsayar ita ce, dalili guda ne kaɗai yake da hujja na ba mace testosteron, wato rashin sha'awa mai sa damuwa bayan ɗaukewar al'ada. Ba su sami hujjar cewa yana ƙara kuzari, ko gyara yanayin zuciya, ko kaifafa ƙwaƙwalwa, ko ƙarfafa ƙashi ba, duk da yawan tallan da ake yi masa a kan waɗannan abubuwa. Amfanin da aka gani ma matsakaici ne: matan da suka yi amfani da shi sun samu ƙarin kusan saduwa ɗaya mai gamsarwa a wata idan aka kwatanta su da waɗanda aka ba maganin da babu komai a cikinsa, tare da ƙaruwar sha'awa da raguwar damuwa. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne ga macen da ta shekara ba ta jin komai, amma ina so ki san girmansa tun yanzu, kada ki shiga da tsammanin za ki koma 'yar shekara ashirin.

Wahalar da ke akwai ita ce samun maganin testosteron da aka yi domin mata. Kwamitin da ke ba hukumar kula da magunguna ta Amurka shawara ya ƙi amincewa da filastar testosteron ta mannawa a fata mai suna Intrinsa a 2004 saboda yana neman ƙarin bayani a kan illarta ta dogon lokaci, ƙasashen Turai suka amince da ita a 2006, daga baya aka janye ta a 2012 bisa dalilan kasuwanci. Ostareliya ta yi wa man shafawa mai suna AndroFeme rajista domin mata a 2020. A mafi yawan ƙasashe likita yakan ba mace kusan kashi ɗaya bisa goma na man da aka yi domin maza, ta riƙa shafawa a fata kullum, ta wanke hannu bayan shafawa, ta kuma kiyaye kada wurin ya taɓa jikin yara. A nan ne awon jini yake da amfani: ana yi kafin a fara, a maimaita bayan mako uku zuwa shida, sannan duk wata shida, domin tabbatar da cewa bai zarce abin da jikin mace ya saba da shi ba. Allura da ƙwayar da ake dasawa a ƙarƙashin fata sukan haura wannan iyaka, na haɗiya kuma yana ɓata ma'aunin kitsen jini. A ƙaramin adadi illar da aka fi gani ita ce ƙurajen fuska da ƙarin gashi, amma idan ya yi yawa yana iya jawo kaurin murya da sanƙo, kuma muryar ba lallai ta koma yadda take ba. Gwaje-gwajen da aka yi ba su wuce shekara biyu ba, kuma ba a sa matan da suka yi sankarar mama ko suke cikin babban haɗarin ciwon zuciya a cikinsu ba. Akan fara ganin canji cikin wata ɗaya zuwa uku, idan kuwa aka yi wata shida babu wani sauyi, sai a daina.

Kafin a kai ga wannan mataki, ki kai wa likitanki duk magungunan da kike sha ya duba, domin wasu magungunan hawan jini da yawancin magungunan ciwon damuwa suna rage sha'awa, amma kada ki daina ko ɗaya da kanki. A kuma duba ciwon suga da aikin tayirod, wato wata halitta da ke gaban wuya. Sannan ki sani cewa mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe a gidan aure, sha'awa ba ta zo musu kafin kusantar juna, sai bayan an fara wasa da tausasawa take tasowa, kuma wannan ba cuta ba ce. Ki sanar da maigidanki batun raɗaɗin, domin mai yiwuwa bai san da shi ba.

TAMBAYA: Likita, an cire mini mahaifa da ma'ajiyar ƙwai duka biyu ina da shekara 44, kuma tun bayan tiyatar sha'awata ta ɗauke ɗif. Ni ma haka zan bi?

AMSA: 'Yar'uwa, naki ya ɗan bambanta. Cire ma'ajiyar ƙwai yana katse istirojin dare ɗaya, yana kuma rage testosteron da kusan rabi, kuma a kan mata irinki aka yi da dama daga cikin gwaje-gwajen farko na filastar testosteron. Duk da haka istirojin za a fara ba ki, idan babu abin da ya hana kamar sankarar da ke girma da shi, domin a shekarunki kina buƙatarsa don kare ƙashi da zuciya, aƙalla har ki kai kimanin shekara 51. Tun da babu mahaifa, yawanci ba a buƙatar furojestiron, sai dai idan dalilin tiyatar ya sa likitanki ya ga ya dace. Idan kin yi wasu watanni a kan istirojin sha'awar ba ta motsa ba, ki nemi ya duba yiwuwar ƙara miki testosteron na shafawa bisa sharuɗɗan da na bayyana a sama.