Jinja: Garin Masana'antu Ne Ko Na Yawon Buɗe Ido?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki zai kai ni Kampala, kuma an ce kada in dawo ban leƙa Jinja ba. Wasu sun ce garin masana'antu ne, wasu sun ce na 'yan yawon buɗe ido ne. Wanne ne gaskiya, kuma me zan gani a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, zamani ne ya bambanta.

Jinja tana bakin Tafkin Victoria, kimanin kilomita 80 gabas da Kampala, babban birnin Uganda, daidai inda ruwan tafkin yake fita ya zama Kogin Nilu. Turawan Ingila da auduga suka fara: a 1912 suka shimfiɗa layin dogo daga Jinja zuwa Namasagali don kwaso audugar ƙasar Busoga. Amma abin da ya ɗaga garin shi ne madatsar Owen Falls, wadda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 1954, yanzu ake kiranta Nalubaale. Da wutar lantarki ta samu, sai masaƙar Nytil ta kafu, ga masana'antar narka jan ƙarfen da ake haƙowa a Kilembe, ga ta ƙarfe, ga kamfanin sukari na iyalan Madhvani, 'yan asalin Indiya, a Kakira da ya ƙara bunƙasa. Mutane suka riƙa kwararowa neman aiki, har daga Kenya.

Sai shekarar 1972. Idi Amin ya ba 'yan asalin Asiya kwana 90 su bar ƙasar, kuma mafi yawan kantuna da masana'antun Jinja a hannun Indiyawa suke. Ƙorafin 'yan ƙasa na cewa an bar su a baya a harkar kasuwanci ba ƙarya ba ne. Sai dai maganin ya fi cutar muni. An raba dukiyar ga sojoji da 'yan barandan gwamnati, waɗanda ba su san inda ake sayo kayan gyaran inji ba, balle yadda ake riƙe littafin ciniki. Madatsar tana nan, amma injuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, kuma leburori 'yan Uganda ne suka fi kowa shan wahala. Iyalan Madhvani sun dawo a shekarun 1980 suka farfaɗo da Kakira, amma sabon jari mai yawa Kampala ya nufa.

Idan ka je, fara da tsohon titin kasuwa. Shagunan Indiyawa masu baranda suna nan, wasu da shekarar gini a goshinsu. Ni a ganina nan ne tarihin garin ya fi fitowa fili. Daga nan ka sauka mafarin Nilu, inda John Speke, Baturen Ingila mai neman mafarin kogin, ya iso a 1862. Gangaren ruwan Ripon da ya gani ba za ka gan shi ba, madatsa ta haɗiye shi, kamar yadda madatsar Bujagali ta haɗiye gangaren ruwan Bujagali daga baya. Akwai mutum-mutumin Gandhi a wurin, domin an zuba wani kaso na tokar gawarsa a kogin a 1948. Ga kuma sabuwar gadar da aka buɗe a 2018 da rancen Japan. Masu ƙarfin hali suna shiga kwalekwalen roba su bi igiyar ruwa. Wannan sana'ar ce take ciyar da samari da dama a yau.

Ka yi sammako daga Kampala, domin manyan motocin da ke zuwa Kenya suna cushe hanyar, musamman wajen Mukono da dajin Mabira.