Abin da ake saya a tambari

Ka tambaye ni me ya sa ɗan tambarin da bai kai tafin hannu ba muke cajinsa fiye da allon shago guda. Tambayar yaran yanzu ke nan, komai da faɗinsa kuke auna shi.

Shiga kasuwar Singa ka kasa kunne. Magi mai tauraro ake cewa, batir mai kan damisa ake cewa. Ranar zaɓe ma lema da tsintsiya ido ke nema a takarda kafin haruffa. MTN sun sauya tambari a 2022, amma ba su taɓa ruwan ɗorawar ba, don da ita ake hango rumfar mai kati daga tsallaken titi. Wannan ganewar ce mai kaya yake biya.

In za ka zana tambari, kala biyu, in ta yi yawa uku. Kowace kala raga guda ce a bugun riga, wato ragar da ake tura fenti ta cikinta ya hau riga, kuma kowace raga kuɗi ce. Fitar da shi baƙi da fari tukuna. In bai tsaya a haka ba, kala ba za ta cece shi ba. Rage shi zuwa santimita 2 kamar na hatimi, sannan ka manna babba a bango ka ja baya taku 20. Siririn layi toshewa yake a raga. A CorelDraw, manhajar zane ta kwamfuta, ka yi aiki da CMYK, wato tsarin kalolin injin bugu, ka rubuta lambar kowace kala, ka mayar da rubutu zane kafin ka kai wurin bugu, in ba haka ba kwamfutarsu ta sauya maka haruffa. Sauran kowane wawa ya sani.

Kuma kada samfuri ya bar shagon nan babu kafin alƙalami, rabin kuɗi. Wani mai ruwan leda ya zo da daɗin baki, aka zana masa ɗigon ruwa shuɗi da farin rubutu, ya ce a tura masa ta WhatsApp ya nuna wa abokin kasuwancinsa. Shiru kake ji. Ashe hoton ya kai wa wani mai araha. Hoton waya RGB ne, wato tsarin kalolin fuskar waya, ba na injin bugu ba, kuma WhatsApp ya matse shi: da aka buga a leda shuɗin ya koma kamar shunayya, gefen ɗigon ya yi zago-zago. Bugu na biyu kalar ta sake fita daban. Masu shaguna suka ga leda iri biyu da suna ɗaya, suka ce ɗaya jabu ce, suka daina karɓa. Ya dawo yana rantse-rantse a ba shi asalin fayil. Kuɗin zanen farko har yau yana wuyansa, shi ya sa fayil ɗin ke nan a kwamfuta, kuma kai ma in ya tare ka a hanya, ka ce Oga bai ba ka izini ba.